Ƙafafun Mai Tuwon Sheme

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa musu da ariyas a dunƙule, ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara. Kowa a cikin abokan aikina ya san inda ya kai nasa. Wani ya sayi babur, wani rediyo mai kaset, hedimastanmu ya yi wa ɗakunansa rufin kwano. Ni kuwa na shiga mota zuwa Funtuwa na sayo keken rubutu na hannu, tsoho, wanda sai an danna wasu haruffansa da ƙarfi kafin su fito. Da na kai wa mahaifiyata labari a Faskari, ta tambaye ni ko ana samun abinci da shi. Na ce a'a, ita kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Don labaran aljanu na saye shi. Tun ina kwalejin horon malamai nake tara su a wani littafin rubutu, waɗansu na ji daga bakin kakata, waɗansu daga abokan ɗaki, mafi yawa kuwa ni na ƙaga abina. Na yarda akwai aljanu kamar yadda kowane Musulmi ya yarda, amma ban taɓa ganin ko ɗaya ba, ba na kuma neman in gani. Yabo nake nema. So nake a ce akwai wani malami a Ƙanƙara da ya iya tsara labari har tsikar jikin mutum ta tashi da rana tsaka.

Da hutun damina na buga labarai tara a kan sitensil, na gurza su da injin da muke gurza takardun jarrabawa, wani tela a bakin kasuwa ya ɗinke mini su da zaren buhu. Kwafi ashirin da 'yan kai suka fito. Na sa wa littafin suna mai nauyi wanda na yi kwana uku ina zaɓe, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Kowa littafin aljanun malam yake cewa. Ban sayar ba, aro nake bayarwa, kuma a bayan kowane kwafi na bar shafuka shida farare, na buga a samansu cewa duk wanda ya karanta ya rubuta ra'ayinsa sannan ya miƙa wa na gaba, idan shafukan sun cika a dawo mini da shi. Wannan dabara tawa ce ni kaɗai, kuma na yaba wa kaina a kanta ƙwarai.

Kafin a gama yankan dawa littattafan sun fara dawowa. Sun sha hannu, wani da tabon manja, wani ɓera ya ɗanɗana gefensa. Idan an tashi tara yara sun fita, nakan zauna a aji in buɗe bayansu in karanta.

Malamin gona na Mabai ya rubuta cewa labaran sun yi gajarta, kuma aljanin labari na uku ragon aljani ne, don bai ga dalilin da zai saki mutum saboda an turara masa barkono ba. Disfensan 'Yargoje ya ce yana karanta wa masu jiran allura, kuma tun da ya fara ba wanda ya sake yi masa rigimar layi. Wani malamin zaure ya cika shafi biyu da ajami yana yi mini gyara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce na sa mutum ya yi bisimilla a bakin rijiya kuma duk da haka aka shafe shi, wannan ba ya yiwuwa. Ya ce na fito da aljani da hantsi, alhali kowa ya san lokacinsu tsakar rana ne da almuru. Ya rufe da nasihar cewa yawan ambatonsu kiransu ne. Wata mata daga ajin yaƙi da jahilci a Sabuwa, ban ma san yadda littafin ya kai can ba, ta rubuta da manyan haruffa masu karkata cewa ita ba ta ji tsoro ba. A ƙasa, da wani fensir daban, ta ƙara cewa ta dai daina zuwa rafi ita kaɗai. Wata malama da muke aiki tare ta tambaya me ya sa duk mugayen aljanun mata ne. Hedimasta bai ce komai a kan labaran ba, inda tawadar makaranta ta shiga ya tambaya.

Akwai kuma waɗanda ba su iya rubutu ba, suka kawo nasu ra'ayin da ƙafa. Wani manomi ya taso tun daga ƙauyensu a kan keke ya same ni a ƙofar makaranta, ya ce an karanta masa littafin a kasuwa, kuma ya zo da nasa labarin na wani baƙin bunsuru da ya yi masa magana a gona. Ya ce idan zan buga na biyu in sa sunansa da na ƙauyensu, har da mutum biyu da za su shaide shi. Na ce masa ba a bukatar shaida a irin wannan aiki. Ya dube ni da mamaki, ya ce to sauran da na buga, su wa ya shaide su? Na yi dariya na sallame shi.

Raina dai ya ɓaci da ra'ayoyin nan, ba zan ɓoye ba. Ni mutum ne mai saurin fushi, a lokacin kuma ga ƙuruciya. Na zauna na tsara wa malamin gona amsa mai zafi, na tambaye shi aljanu nawa ya taɓa kokawa da su da har ya san rago a cikinsu, sannan na yage ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mutum ɗaya da ya ce na iya rubutu. Kowa gardamarsa a kan ko abin daidai ne ko ba daidai ba, sai ka ce rahoto na kawo musu. Na ce rashin wayewa ne, na wuce. Da na tsaya na yi tunani da na gane abin da ke faruwa. Wanda ya daɗe a makaranta ya san akwai littafin hira, amma yawancin waɗanda littafina ya shiga hannunsu, ko aka karanta musu, takarda bugaggiya a wurinsu sanarwar hukuma ce, ko jarida, ko littafin addini. Ƙarya da baki ake yin ta. Tatsuniya ma tana da ƙofar shiga da ta fita, a buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, kowa ya san an tashi daga wasa. Nawa labaran ba su da ko ɗaya. Da "wata rana wani direba" suke farawa, cikin haruffan inji irin na takardar haraji.

Labari na bakwai shi ne na mai tuwo, kuma shi na fi so a cikinsu. Dole in faɗi inda na samo ta.

Duk ƙarshen wata nakan je Faskari gaida mahaifiyata, kuma a Sheme nake canjin mota. A bakin mararrabar, ƙarƙashin wata tsamiya, akwai wata dattijuwa mai sayar da tuwon dawa. Direbobin manyan motoci masu zuwa Gusau da masu ɗaukar auduga zuwa Funtuwa duk wurinta suke tsayawa, ga kuma leburorin aikin hanya da suka cika garin a shekarun nan da sababbin kuɗi a aljihu. Takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno, tukwane uku a gabanta, manyan kwanonin langa shuɗɗa a damanta, ludayi mai dogon hannu a riƙe. Ba ta tashi. Ƙanwarta, wadda ita ma ta manyanta, ita ke miƙa kwano da ɗebo ruwa. Kafin kowa ya iso bakin hanya dattijuwar ta riga ta zauna, kuma sai an watse take tafiya. Daga gwiwarta zuwa ƙasa kullum a lulluɓe yake da wani zane na biyu, ko da bazara ce ana ɗigar da zufa. Ta san dangin mahaifiyata, don haka ɗan Faskari take kirana, kuma idan ta zuba mini sai ta ƙara lakato man shanu ta ɗora ba tare da ta dube ni ba. Ni kuma Inna nake ce mata.

Ban taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin zanen ba. Wata rana ina cin tuwonta ina kallonsa sai labarin ya zo mini gaba ɗayansa. Aljana ce mai sayar da tuwo a mararraba, direbobi na ci suna santi, har ranar da sulen wani ya faɗi ya gangara kusa da ita, ya sunkuya zai ɗauka, iska ta ɗaga zane, ya ga kofaton jaki. Ban ambaci sunan gari ba. Na ce wata mararraba a hanyar Gusau, a ganina na ɓoye ke nan. Amma tsamiyar na sa, kwanonin shuɗɗa na sa, ludayin na sa, ƙanwar ma ban bar ta ba. An koya mana a kwaleji cewa mai rubutu ya rubuta abin da idonsa ya gani, ni kuwa ɗalibi ne mai biyayya.

Kwafin da ya shiga tashar mota shi ya fi daɗewa bai dawo ba. Da ya dawo bangonsa ya fita, ga baƙin mai ko'ina, shafukan baya sun cika har an bi gefe-gefe. Yawancin rubutun na hannu ɗaya ne, na malamin tasha mai rubuta lodi, wanda ke karanta wa direbobi idan suna zaman jira, su faɗa shi ya rubuta. Su ba ruwansu da sauran labarai takwas. Wani ya ce wannan gaskiya ne, ya san wurin. Wani ya ce ya ci tuwon sau uku, kuma duk ukun sai da motarsa ta mutu a hanya. Wani ya ce su dama sun daɗe suna mamakin yadda mace za ta wuni zaune ba ta miƙe ƙafa ba. Na ƙarshe ya ce Sheme ce, malam ya ɓoye sunan ne don yana tsoro, Allah ya saka masa da alheri da ya faɗakar da jama'a.

Abin da na ji da na karanta, daɗi ne. Na yi dariya har na kai wa malamai a ofis, ina cewa ga masu karatu na gaskiya nan. Malamar da ta yi tambaya a kan aljanu mata ta karɓa ta karanta, ta miƙo mini, ta ce ita ba ta ga abin dariya ba, don in akwai matar, da tuwon nan take ci. Na ce mata ba ta san adabi ba. Wata biyu ban bi ta Sheme ba, saboda jarrabawa da wani zazzaɓi da ya kwantar da ni, kuma a cikin wata biyun ban tuna da maganarta ba ko sau ɗaya.

Ranar da na sauka a mararrabar azahar ta kusa, lokacin da a da sai ka jira wani ya tashi kafin ka samu gefen benci. Bencin babu kowa. Wata rumfa da aka buɗe a tsallaken titi ta cika maƙil. Tukunya ɗaya ce a gaban Inna. Can nesa kaɗan wasu mutane uku na jingine da mota suna kallon ta. Ina zama ɗayansu ya matso kamar mai wucewa, ya saki kwabo ya gangaro har gindin kujerarta, ya tsaya yana jira. Ƙanwar ta ɗauka ta jefa masa abinsa. A nan na gane.

Inna ta zuba mini, ta ɗora man shanu kamar kullum. Ta ce da farko ta zaci sadaka suke yi mata. Ta ce leburori sun daina zuwa, matan unguwarsu sun daina aikowa ɗibar wuta, an yi suna a maƙwabta ba a kira ta tuƙin tuwo ba, ita da shekara da shekaru ita ke tuƙawa. Sannan ta rage murya.

"Ɗan Faskari, kai da ka yi boko. An ce wai gwamnati ta buga ni cikin takarda, an ce ni ba mutum ba ce. Ka bincika mani ko wane ohis ne, in san wa na yi ma laihi."

Na ce to, Inna, zan bincika. Na cinye tuwon tas, na wanke hannu, na shiga mota. Na sha yin abin kunya a rayuwata, amma cinye tuwon nan yana cikin na gaba-gaba.

A Faskari labarin ya riga ni isa. Mahaifiyata tana tsintar wake a tsakar gida take ba ni shi, ranta a ɓace, tana cewa mutane ba sa tsoron Allah. Ita ta san matar tun suna yara. Inna tana 'yar shekara tara ko goma aka aike ta, ta yanke ta kan juji inda aka zubar da ƙaiƙayi aka cinna masa wuta kwana biyu kafin nan. Sama toka ce fara ta yi sanyi, ƙasa kuwa garwashi ne. Ta nutse har idon sawu. Yatsun suka tafi, abin da ya rage ya haɗe. Tana takawa, amma da ƙyar, kuma tun daga lokacin ba ta yarda a gani, ko wankan amarcinta uwarta kaɗai ta shiga. Mahaifiyata ta ce an ce wani malamin makaranta ne a Ƙanƙara ya rubuta. Ta ci gaba da tsintar waken ba ta ɗago ba, ta tambaye ni mu nawa ne masu keken rubutu a Ƙanƙara. 

Na koma na yi abin da ɗan boko ya iya, na sake buga wata takarda. Na rubuta cewa duk labaran ƙagaggu ne, babu wata aljana a wata mararraba, na sa hannu, na manna a tashar Ƙanƙara da ta Faskari da bakin kasuwar Sheme. Na bi kwafin da zan iya bi na karɓe. Cikin mako biyu ra'ayin masu karatu a kan wannan takardar ma ya iso ni, amma da baki. Cewa aka yi an tsorata malam. Wasu suka ce zazzaɓin da na yi kwanan baya ita ce ta taɓa ni, shi ya sa na janye. Malamin zauren nan ya aiko a tuna mini cewa shi ya faɗa tun farko. Na je na roƙi limamin Sheme, dattijo mai hankali, ya yi magana bayan sallar Juma'a a kan zato da ƙazafi. Kowa ya gyaɗa kai. Da aka fito wani direba ya ce shi bai zargi kowa ba, amma cin tuwo ba farilla ba ne, kuma ga wata rumfa a tsallake.

Saura abu ɗaya da ban yi ba, shi nake ta kewayewa. Wata Asabar na ɗauki kwafin tashar nan mai baƙin mai na tafi. Na durƙusa gefen tukunyar na faɗa mata babu wani ofis, ni ne. Na tsara jawabi tun a mota, dogo, har da bayanin abin da ake kira ƙagaggen labari, amma bai wuce magana uku ba ya ƙare. Ƙanwar ta fara salati tana shirin wanke ni tas, Inna ta ɗaga mata ludayi ta yi shiru. Sannan Inna ta ce tunda kowa ya ji, ita ma in karanta mata.

Na karanta, da rana tsaka, manyan motoci na wucewa suna sa ni maimaita layi. Rubutuna bai taɓa yi mini muni a baki kamar ranar ba. Ita kuwa ta saurara a natse. Inda na ce miyar kuka ce ta tsayar da ni ta ce ita busasshiyar kuɓewa ta fi yi, kuka sai ranar da kuɓewa ta yanke. Inda direbobi ke layi har bakin titi ta ce aljanar tawa ta fi ta kasuwa. Na ci gaba har na wuce kan sulen da kofaton. Na rufe littafin, ta tambaya ko akwai saura, na ce sai ra'ayoyin mutane. Ta ce su ma in karanta. Na karanta mata su duka, har da na mai yi mini addu'a. Ta gane biyu daga cikinsu ta irin maganarsu, ta ce ɗayan tun yana karen mota take ƙara masa malmala.

"Shekara nawa kana cin tuwona, mi ya hana ka tambaye ni?"

Na ce kunya na ji.

"Kunyar tambaya ka ji, ba ka ji ta rubutawa ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in dawo ranar kasuwa da hantsi, in zo da littafin da abin rubutu. Na ce zan yi duk abin da ta ce, in ma so take in tsaya tsakiyar kasuwa in ce ni maƙaryaci ne. Ta ce ai na riga na faɗa a takarda, wa ya yarda.

Ranar kasuwa na zo. Ta sa ƙanwarta ta ɗora tukwane uku kamar da. Mararrabar ta cika da motoci da jakuna da masu kaya, kuma ganina zaune kusa da ita da littafi a hannu ya jawo mutane, suka kewaye mu nesa-nesa. Ta jira har taron ya yi kauri. Sannan ta ajiye ludayi, ta kama zanen nan na biyu ta yaye shi, ta ninke shi da kyau ta ɗora a cinya, ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma.

Ba zan bayyana su ba, na riga na bayyana matar nan sau ɗaya. Ƙafafun mutum ne da wuta ta ci tun da daɗewa, shi ke nan. Na baya suna ɗage suna leƙe, na gaba suna neman inda za su sa idonsu. Ba ta yi wani jawabi ba. Ta dai ce duk mai kwabon da zai yar ya yar yanzu, ƙanwarta ta gaji da tsince-tsince. Wani tsohon direba ya yi salati a hankali, ya cire hularsa ya mayar, ya zo ya zauna a benci ya ce a zuba masa. Wani ya bi shi. Mai gangaro kwabon nan na gan shi ya sulale ta bayan mota. Ta bar ƙafafun a buɗe har la'asar tana zuba tuwo, mutane na fitowa daga cikin kasuwa rukuni-rukuni, wasu su ci, wasu su kalla kawai su koma su kira wasu.

Da aka ragu ta ce in buɗe inda mutane ke rubutu. Babu sauran wuri sai wani ɗan fili a ƙasan shafin ƙarshe. Ta ce in rubuta an karanta mata, labarin ya yi daɗi, mai shi ya iya. Na ɗago na dube ta ko gatse take yi mini, ta ce in rubuta, ai gaskiya ce, da bai iya ba da ba a yarda ba. Yabon da na yi wata da watanni ina jira ke nan, kuma a duk kwafin da suka dawo ita kaɗai ta yi shi. Ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamarsa ba.

"Ka ƙara da wannan," in ji ta. "Uwata da mijina kaɗai sunka taɓa ganin ƙahwahun ga, kuma su duka sun riga mu gidan gaskiya. Yau ko mai tallan rake ya gani."

Na rubuta. Wurin bai isa ba, ƙarshen maganar sai da na hau da shi gefen takardar.

Ciniki ya dawo cikin 'yan makonni, har ya so ya fi na da, don an samu masu tsayawa su ga matar da aka yi wa ƙarya. Labarin aljanar kuwa bai mutu ba, ƙaura ya yi. Shekaru bayan haka wani fasinja ya ba ni shi a mota, ya ce a hanyar Sabuwa abin ya faru, kuma ƙanin abokinsa ne ya ga kofaton da idonsa. Ban gyara masa ba. Keken rubutun na ci gaba da buga takardun jarrabawa da shi har ya lalace, littafi na biyun da manomin nan ya so in sa shi ciki kuwa ban taɓa bugawa ba. Kwafin tashar yana nan wurina.

Inna ta koma lulluɓe ƙafafunta tun washegari, da zanen nan dai, ko da yake babu sauran wanda take ɓoye wa. Na ci gaba da sauka a Sheme duk ƙarshen wata har aka yi mini canjin wurin aiki, kuma ban taɓa tsallakawa ɗaya rumfar ba. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma ɗaure mini fuska ba. Man shanun nan na ƙari dai ban sake ganinsa ba. Takan amsa gaisuwata, ta tambayi mahaifiyata, ta zuba mini daidai yadda take zuba wa kowane fasinja, ta miƙa wa ƙanwarta ta ce a kai wa malam.